Ido Biyu a Sama: Tarihin Auna Ƙasa Daga Iyakar Bagudo Zuwa Duniyar Mars

A ranar 14 ga Yuni, 1898, wakilan Ingila da na Faransa suka sanya hannu a birnin Paris kan yarjejeniyar da ta raba musu wani babban yanki na Afirka ta Yamma. A cikinta akwai jimla guda da ta shafi mutanen Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi kai tsaye. Jimlar ta ce iyakar da ta taso daga kudu za ta iske Kogin Neja ne a wani wuri mai nisan mil 10, wato mita 16,093, sama da tsakiyar garin Giris, mashigin jiragen ruwan Illo, kuma a miƙe za a auna nisan ba tare da bin lanƙwasar kogi ba. Waɗanda suka rubuta wannan jimla ba su taɓa ganin ƙasar daga sama ba. Abin da ke gabansu shi ne rahotannin matafiya da taswirori masu yawan giɓi.

Bayan shekara 106, a 2004, Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta fitar da hotunan wani kwari a duniyar Mars wanda masana suka raɗa wa suna Niger Vallis, takwaran Kogin Neja. Hotunan sun nuna faɗin kwarin da zurfinsa da gangaren gefensa, alhali ɗan'adam bai taɓa taka wurin ba. Tsakanin waɗannan shekaru biyu akwai tarihin wata dabara guda: ɗaukar hoton wuri ɗaya daga kusurwa biyu, sannan a fitar da tsayi da zurfi daga bambancin hotunan. Tarihin dabarar ya ratsa ta kan iyakar Bagudo, kuma har yau yana da alaƙa da gonar shinkafa da tsibirin kogi da turken iyaka.

Ƙasar da aka ja wa layi

Kafin zuwan Turawa, Illo na ɗaya daga cikin manyan garuruwan ƙasar Borgu, tare da Busa da Nikki. Fataken goro da ke dawowa daga Gwanja sukan ratsa Borgu su haye kogi a wannan yanki kafin su shiga ƙasar Hausa. Kyangawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa duk suna zaune a ɓangarorin biyu na abin da daga baya ya zama iyaka. A 1894 aka yi tseren da ya shahara zuwa Nikki tsakanin Frederick Lugard, wanda ke aiki wa kamfanin Royal Niger, da Kyaftin Decoeur na Faransa, kowa na neman sarki ya sa masa hannu a takarda. Lugard ya riga isa a watan Nuwamba, amma Faransawa ba su yarda da takardarsa ba. Rikicin ya ci gaba har sojojin ɓangarorin biyu suka yi cirko-cirko a garuruwan Borgu, kafin yarjejeniyar 1898 ta raba gardama. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. A farkon ƙarni na 20 kuma aka cire Illo daga Borgu aka haɗa ta da masarautar Gwandu.

Irin ma'aunin da aka yi amfani da shi ya nuna ƙarancin sanin ƙasar. A gabashin kogi, yarjejeniyar ta ce iyaka za ta bi Dallol Mawuri har ta haɗu da wata da'ira mai nisan mil 100 daga tsakiyar birnin Sakkwato. Da'irar ta yi kyau a takarda, amma da Faransawa suka gwada bin bayanta zuwa Damagaram sai suka tarar babu isassun rijiyoyi a hanyar. Dole aka sake zama a 1904 aka gyara. A ɓangaren Dahome, wato Jamhuriyar Benin ta yau, jami'an ƙasashen biyu sun bi ƙasar a ƙafa da kan doki a 1900, sannan yarjejeniyar 19 ga Oktoba, 1906, ta fayyace layin tun daga bakin teku har zuwa Kogin Neja.

Kayan aikin waɗannan masu safiyo su ne kamfas da sarƙar awo da na'urar auna kusurwa da agogo. Da dare sukan duba taurari su gane inda suke. Mutumin da ke tsaye a ƙasa yana ganin abin da ke gabansa ne kawai, saboda haka sukan rataya layin iyaka a kan abin da ido ya kama: tsauni, rafi, mararrabar hanya, tsakiyar gari. Matsalar ita ce rafi yana sauya hanya, gari yana tashi ko ya faɗaɗa, hanyar fatake kuma takan mutu. Iyakar Najeriya da Benin ta haura kilomita 700, kuma wurare da dama a cikinta an gaje su ne da irin wannan siffantawa.

Sirrin ido biyu

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A fannin awo, sanin kimar nan ya dogara ne ga kasancewar idanun biyu ne. Idan mai karatu ya miƙa hannu ya ɗaga babban yatsa, ya rufe idon dama ya duba, sannan ya rufe na hagu ya duba, zai ga yatsan ya goce daga inda yake. Idan ya matso da yatsan kusa da fuska, gocewar za ta ƙaru. Tazarar da ke tsakanin idanun mutum kimanin santimita shida da rabi ce, don haka kowane ido na ganin duniya daga kusurwarsa, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa hotunan biyu ta fitar da nisa. Abin da ke kusa yana gocewa da yawa, abin da ke nesa yana gocewa kaɗan.

Malaman da suka gabata sun lura da wannan. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi gwaje-gwaje a littafinsa Kitab al-Manazir kan yadda abin da idanu biyu suka gani ke zama hoto ɗaya, da kuma lokacin da mutum ke ganin abu ɗaya ya zama biyu. A 1838 wani Baturen Ingila, Charles Wheatstone, ya nuna cewa idan aka ba kowane ido zane dabam, zanen da aka yi daga kusurwar da ta ɗan bambanta, ƙwaƙwalwa za ta ga abu mai tudu da zurfi ko da yake takardun a shimfiɗe suke. Na'urar madubai da ya ƙera don haka ita ce kakar duk na'urorin da suka biyo baya. A shekarun 1850 wani hafsan sojan Faransa, Aimé Laussedat, ya fara zana taswira daga hotuna. A 1901 kuma Carl Pulfrich na kamfanin Zeiss a Jamus ya ƙera na'urar da ke auna gocewar da ke tsakanin tagwayen hotuna daidai wa daida, ta mayar da abin da ido ke ji ya zama lamba.

Ƙa'idar ba ta sauya ba har yau. Idan kyamara ta ɗauki hoton tsauni daga sama, ta matsa gaba ta sake ɗauka, ƙolin tsaunin zai goce fiye da gindinsa, domin ƙolin ya fi kusa da kyamarar. Wanda ya san nisan da kyamarar ta yi tsakanin ɗauka biyu, ya kuma san tsayin da take, zai iya lissafa tsayin tsaunin. Sharaɗi ɗaya ne: dole wurin ya fito a hotunan biyu. Shi ya sa ake ɗaukar hotunan suna hawa kan juna.

Jirgin sama da taswirar mulkin mallaka

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya gwada ƙarfin dabarar. A sansanin Medmenham na Ingila, masu nazarin hotuna sun yi amfani da tabarau na tagwayen hotuna wajen gano makaman roka da Jamus ke gwadawa a Peenemünde a 1943. Da yaƙi ya ƙare, Ingila ta juya jiragen da ƙwararrun zuwa ƙasashen da take mulka. A 1946 ta kafa hukumar safiyon ƙasashen mulkin mallaka ƙarƙashin Birgediya Martin Hotine, wadda a 1957 aka sauya wa suna zuwa hukumar safiyon ƙasashen ƙetare. Jiragen sojan sama, daga baya kuma na kamfanoni, suka riƙa shawagi a layi-layi suna ɗaukar hoto, kowane hoto na rufe kashi 60 cikin 100 na wanda ya gabace shi. A ofis ake ɗora hotunan bibbiyu a na'ura, mai zane ya leƙa ya ga ƙasa ta taso masa da tuddanta da kwarurrukanta, ya bi ta yana zana layukan tsayi. Da wannan hanya aka samar da yawancin taswirorin Najeriya masu sikelin 1:50,000, tare da ofishin safiyo na tarayya a Legas da na Arewa a Kaduna.

A ɗaya gefen iyakar, cibiyar taswira ta Faransa, IGN, ita ma ta ɗauki hotunan Dahome da Nijar daga sama a shekarun 1950, ta fitar da nata taswirorin, galibi a sikelin 1:200,000. Sakamakon haka ƙasa ɗaya ta samu taswira iri biyu. Ba sikeli kaɗai ya bambanta ba. Kowace taswira tana da tushen awo, wato wurin da aka ɗauka a matsayin mafari da kuma siffar duniya da aka yi lissafi da ita. Tushen awon Najeriya yana Minna, kuma lambobin da ya bayar sun bambanta da na GPS na yau da gomman mitoci. Idan aka ɗora tsohuwar taswirar Najeriya kan ta Faransa ba tare da an daidaita tushensu ba, layin iyaka ɗaya zai iya fitowa a wuri biyu. A dajin da babu kowa wannan ba kome ba ne. A fadamar da ake noma kowane taku, gomman mitoci gonar mutum ce.

Lokacin da Dahome ta samu 'yanci ranar 1 ga Agusta, 1960, Nijar ranar 3 ga Agusta, Najeriya kuma ranar 1 ga Oktoba, waɗannan taswirori ne suka gada. A 1964, a taron Alƙahira, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince a mutunta iyakokin da aka tarar a ranar 'yanci. Wannan mataki ya mayar da kowane hoton sama da aka ɗauka a kusa da 1960 ya zama shaida mai daraja, domin shi ke nuna yadda ƙasa take a lokacin da aka daskarar da iyakar.

Idon leƙen asiri

A daidai wannan lokaci Amurka na gwada wani shiri na sirri mai suna Corona, don leƙen Tarayyar Sobiyet daga sararin samaniya. A watan Agustan 1960 aka yi nasarar farko. Tauraron ɗan'adam ɗin yana ɗaukar hoto ne a fim, ya naɗe shi a cikin wani ƙoƙo, ya jefo shi ƙasa da lema, jirgin sama kuma ya cafke shi a iska kafin ya faɗa teku. Daga 1962 aka fara ɗora kyamara biyu a kowane tauraro, ɗaya na kallon gaba, ɗaya na kallon baya, da kusurwar digiri 30 a tsakaninsu. Yayin da tauraron ke wucewa, ta gaba za ta ɗauki wuri, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta baya ta sake ɗaukar wurin. Haka aka fara samun tagwayen hotunan doron ƙasa daga falaki.

Ana iya gwada lissafin da wannan kusurwa. Idan kowace kyamara ta karkata da digiri 15, gocewar da za a gani tsakanin hotunan biyu ta ɗan haura rabin tsayin abin da ake kallo. Tudu mai tsayin mita 10 zai goce da kimanin mita 5.4. Kyamarorin Corona na ƙarshe suna iya rarrabe abin da ya kai kusan mita biyu, don haka irin wannan tudu zai bayyana sarai. Amma bambancin tsayi na mita ɗaya zai haifar da gocewar rabin mita ne kawai, abin da ya fi ƙarfin kyamarar. Wannan lissafi shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙa auna kowace taswirar tudu da kwari da shi.

An rufe shirin Corona a 1972. A watan Fabrairun 1995 Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin cire wa hotunan sirri, sama da guda 860,000. Ko da yake Sobiyet da Sin ne aka fi nufa, kyamarorin sun ɗauki sassa masu yawa na Afirka ta Yamma, kuma masana na hukumar binciken ƙasa ta Amurka sun yi amfani da su wajen kwatanta dazuzzuka da gonakin Senegal na shekarun 1960 da na baya-bayan nan. Darajar irin waɗannan hotuna ga kwarin Neja a fili take: sun zo kafin manyan fare-faren shekarun 1970 da 1980, wasunsu ma kafin a kammala madatsar Kainji a 1968.

Daga sirri zuwa kasuwa

Tauraron Landsat na farko, wanda aka harba a watan Yulin 1972, ƙasa yake kallo kai tsaye, saboda haka bai dace da auna tsayi ba. Faransa ce ta kawo sauyi da SPOT-1 a watan Fabrairun 1986. Yana da madubi da ake iya karkatawa gefe har digiri 27, ta yadda zai ɗauki wuri daga gabas a wani zagaye, ya sake ɗaukarsa daga yamma a wani zagayen. Illar wannan tsari ita ce kwanaki kan shiga tsakanin hotunan. A ƙasa irin Bagudo, kwanaki kaɗan sun isa gajimare ya rufe, ko hazon hunturu ya sauka, ko a ƙone daji, ko ruwa ya hau fadama. Idan fuskar ƙasa ta sauya, kwamfuta ba za ta gane cewa ɗigon nan na hoton farko shi ne ɗigon can na hoto na biyu ba.

Mafita ita ce komawa ga tsarin Corona, a ɗauki hotunan biyu a wucewa ɗaya. Na'urar ASTER ta Japan, wadda ke kan tauraron Terra na Amurka tun Disambar 1999, tana da ido ɗaya mai kallon ƙasa da wani mai kallon baya. Daga hotunanta aka haɗa taswirar tsayin ƙasa ta kusan duniya baki ɗaya, aka sake ta kyauta a 2009, da lamba ɗaya a kowane mita 30. SPOT-5 na 2002 da Cartosat-1 na Indiya na 2005 duk sun bi wannan hanya. Taurarin Pléiades na Faransa, na 2011 da 2012, sukan juya jikinsu ne su ɗauki wuri ɗaya sau biyu ko uku a wucewa ɗaya. Akwai kuma wata hanyar dabam ta amfani da radar, wadda kumbon Endeavour ya bi a watan Fabrairun 2000 cikin kwana 11; sai a 2014 aka saki cikakken bayanin Afirka na mita 30 daga wannan aiki.

Najeriya ma ta shiga fagen. An kafa hukumar NASRDA a 1999, aka harba NigeriaSat-1 ranar 27 ga Satumba, 2003, mai ɗigon mita 32. Ranar 17 ga Agusta, 2011, aka harba NigeriaSat-2 mai ɗigon mita 2.5, wanda aka ƙera shi yadda zai iya karkata ya ɗauki tagwayen hotuna, tare da NigeriaSat-X da injiniyoyin Najeriya suka haɗa a Ingila. Shekara bakwai aka tsara NigeriaSat-2 zai yi aiki. Tun kafin wannan, a 1972, aka buɗe cibiyar horar da masu safiyon sama ta yanki a Ile-Ife, wadda yanzu ake kira AFRIGIST, kuma Najeriya da Benin da Nijar duk mambobinta ne. Ke nan akwai masu safiyo a ƙasashen uku da suka koyi aiki a aji ɗaya.

Takwaran Neja a duniyar Mars

A sauran duniyoyi dabarar ta fi zama dole, domin babu mai zuwa da sarƙar awo. Kumbuna biyar na Lunar Orbiter sun ɗauki hoton kusan dukkan fuskar wata a 1966 da 1967 don zaɓen wurin saukar 'yan sama jannati. Apollo 15 da 16 da 17 sun ɗauki wata kyamara da kamfanin Itek ya ƙera, kamfanin da ya yi kyamarorin Corona, wadda ke karkata gaba da baya don samar da tagwayen hotuna. Sai da ɗan sama jannati ya fita wajen kumbo a hanyar dawowa ya ɗauko fim ɗin da hannu.

Kumbon Mars Express na Turai ya tashi ranar 2 ga Yuni, 2003, ya isa a ƙarshen Disamba. Kyamararsa HRSC, wadda aka ƙera a Jamus ƙarƙashin jagorancin Gerhard Neukum, tana da layukan gani tara, wasu na kallon gaba, wasu ƙasa, wasu baya, don haka kowane wuri da ta wuce tana ganinsa daga kusurwoyi da yawa a lokaci guda. Ita ce ta ɗauki Niger Vallis, kwarin da ke haɗewa da Dao Vallis ya gangara zuwa babban ramin Hellas a kudancin Mars. Awon ya nuna takwaran Neja bai kai maƙwabcinsa zurfi ba, kuma siffarsa na daga cikin hujjojin da masana ke kafawa cewa ruwa mai yawa ya taɓa kwarara a wurin.

Kumbon Amurka da aka harba a watan Agustan 2005 yana ɗauke da HiRISE, kyamara mai ɗigon kimanin santimita 30. Ita ido ɗaya gare ta, don haka sai an karkata kumbon a zagaye biyu dabam kafin a samu tagwaye, irin tsarin SPOT-1. A Mars wannan bai cika zama matsala ba, domin babu itatuwa, babu kogi mai gudu, babu manomi, sai dai guguwar ƙura lokaci-lokaci. Daga tagwayen HiRISE ake fitar da taswirar tsayi mai lamba a kowane mita ɗaya. Da irinsu aka tantance wurin saukar motar Curiosity a 2012, kuma a watan Fabrairun 2021 motar Perseverance ta riƙa kwatanta abin da take gani da taswirar da aka loda mata, ta kauce wa duwatsu yayin sauka a ramin Jezero. Wuraren da aka auna haka ɗan ƙaramin kaso ne na Mars. Duk da haka, akwai filaye a can da aka san tudunsu da kwarinsu fiye da yadda taswirar kyauta ta mita 30 ta san fadamar Illo.

Abin da ido biyu ba ya gani

Shari'ar Benin da Nijar ta nuna inda dabarar ta tsaya. Ƙasashen biyu sun daɗe suna jayayya kan tsibiran kogi, musamman Lete, tun farkon shekarun 1960, har suka kai ƙara Kotun Duniya a 2002. Ranar 12 ga Yuli, 2005, kotun ta yanke cewa iyaka tana bin layin da ya fi zurfi a babbar hanyar jiragen ruwa kamar yadda take a lokacin 'yanci, tun daga mahaɗar Kogin Mekru har zuwa iyakar Najeriya. Cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9. Hujjar da kotun ta fi dogara da ita wajen gano layin ita ce awon zurfin kogi da wani kamfanin injiniyoyi na Holan, NEDECO, ya yi a ƙarshen shekarun 1960. Zurfin ruwa abu ne da tagwayen hotuna ba sa iya aunawa: fuskar kogi tana motsi tana ƙyalli, ruwan kuma gurɓatacce ne da laka. Layin da kotun ta ja ya ƙare ne a bakin ƙofar Kebbi.

Akwai sauran iyakoki. Kyamara saman abu take gani, don haka a kurmi tsayin itatuwa take aunawa a maimakon ƙasa. A kan yashi mai launi ɗaya kwamfuta ba ta samun alamar da za ta kama. Kuma duk kyawun hoto, sai an ɗaure shi da wasu wurare a ƙasa waɗanda mai safiyo ya je ya auna da GPS, in ba haka ba taswirar za ta iya karkata ko ta goce gaba ɗayanta.

Wannan yana da nauyi a Bagudo saboda yanayin ruwanta. Ba nisa da garin ne Gulbin Kabi ke zuba a Neja. Kogin yana cika sau biyu a shekara: farin ruwa na daminar yankin, wanda ke zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba, da baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya daɗe a fadamun Mali, ya iso cikin hunturu. Fadamar a shimfiɗe take, ta yadda bambancin mita ɗaya ke raba gonar da za ta tsira da wadda za ta nutse. Ambaliyar 2012 da ta 2020, wadda ta cinye shinkafa mai yawa a Kebbi, sun nuna haka. Taswirar ASTER, wadda kuskuren tsayinta kan kai mita goma ko fiye, ba za ta iya gaya wa injiniya inda zai ɗaga hanya ko inda zai mayar da ƙauye ba. Tagwayen hotuna masu ɗigon ƙasa da mita ɗaya, waɗanda aka ɗauka da rani bayan ruwa ya janye kuma sama ta washe, aka ɗaure su da awon ƙasa, suna iya kusantar abin da ake buƙata. Ana sayar da irinsu, kuma kuɗinsu bai kai na gada ɗaya da ruwa ya ci ba.

Aikin iyaka ma haka yake. Hukumar Kula da Iyakoki ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1987, da takwararta ta Benin, suna da kayan da jami'an 1900 ba su yi mafarkinsa ba: hotunan jirgin sama na shekarun 1950, na Corona na shekarun 1960, da na taurarin yau. Jera su kan tushen awo ɗaya zai nuna inda rafi ya kauce da inda gari ya matsa. Nisan mita 16,093 kuwa, yau ana iya auna shi daga sama ba tare da kuskuren da ya wuce taku biyu ko uku ba. Abin da babu hoton da ya ɗauka shi ne inda tsakiyar Giris take a 1898, domin a lokacin kyamara ba ta taɓa hawa saman garin ba. Wannan bayani yana wurin dattawan Giris da Illo da Lolo, a tsohuwar kasuwa da kufai da makabarta da suka sani, kuma sai mai safiyo ya sauka ya zauna da su kafin ya san inda zai kafa na'urarsa.